Idan Sa'a Ta Juya Baya: A Daure Ko A Tashi?

Zangon Lome unguwa ce da ta san faɗuwa, ta kuma san tashi. A 1977 gwamnatin Togo ta tashi tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka rushe gidaje, aka kwashe mutane zuwa arewacin gari, tafiyar wajen kilomita 15, inda yau ake kira Agoe-Zongo, daf da Togblekope. Fataken shanu da dillalan goro suka wayi gari nesa da kasuwa, nesa da abokan cinikinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Janairun 2013 gobara ta cinye babban ginin Babbar Kasuwar Lome. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan 'yan kasuwa suka maƙale. Kowace cikin waɗannan masifu ta karya wasu, kuma bayan kowace an ga waɗanda suka miƙe. Saboda haka idan dattijo a Zango ya ce wa wanda ya karye, “Yi haƙuri, ba kullum ake kwana a gado ba,” ba maganar fatar baki yake yi ba. Ya ga masu safarar goro huhu-huhu sun koma tallarsa a faranti, ya kuma ga wasunsu sun sake zama masu gida.

Sai dai yau wata irin asara ta shigo gidaje, wadda ba gobara ta kawo ta ba, ba kuma rufe iyaka ba. Rumfunan loto na LONATO, hukumar cacar ƙasa da aka kafa a 1966, suna birjik a Lome. Cacar ƙwallo ta koma cikin waya, ana zuba kuɗi ta asusun waya na Flooz ko Mixx mutum na kwance a ɗakinsa. Ta wannan wayar matasa ke kallon gasannin kartar poka da ake yi a Las Vegas da Marakesh, suna sauraron ƙwararru na bayanin yadda suke shafe watanni ana cinye su ba su karaya ba. Teburin poka ba abin Zango ba ne, amma koyarwar masu teburin ta iso. Koyarwar tana cewa jerin faɗuwa ba alamar gazawa ba ce, halin sa'a ne, kuma wanda ya iya wasa, ya tsare jarinsa, ya riƙe zuciyarsa, ko ba daɗe ko ba jima zai fanshe.

Wannan magana ta raba mutane gida biyu. Wasu na ganin hikima ce da ya kamata kowa ya koya, ɗan wasa da ɗan kasuwa. Wasu na ganin ita ce igiyar da ke ɗaure ɗan caca a wurin da ya kamata ya guda. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurare ta.

Yadda gasar take

Kowane ɗan wasa yana biyan kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi ƙwayoyin wasa daidai da na kowa. Wanda ƙwayoyinsa suka ƙare ya fita, haka za a yi ta tafiya har a bar mutum ɗaya. Kuɗin da aka tara, bayan gidan caca ya cire kasonsa, ana raba shi ga kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka fi daɗewa, kuma tsokar kuɗin tana komawa hannun 'yan tsirarun da suka kai teburin ƙarshe. Babbar gasar duniya, World Series of Poker, ta faro ne a Las Vegas a 1970, kuma kuɗin shiga babban wasanta dalar Amurka 10,000 ne. A 2024 mutum 10,112 suka shiga. Jonathan Tamayo ya zo na ɗaya ya tafi da dala miliyan 10. Sama da mutum 8,500 kuwa sun koma gida hannu rabbana. A irin wannan wasa faɗuwa ita ce abin yau da kullum, ci shi ne baƙo.

Hujjar masu cewa a daure

Hujjarsu ta farko lissafi ce. Sun ce mutane na tsorata da jerin faɗuwa ne don ba su san yadda sa'a take tafiya ba. A poka, wanda ya riƙe katuna biyu mafiya daraja, ya kara da mai riƙe da ƙananan katuna biyu iri ɗaya, zai yi nasara kusan sau huɗu cikin biyar. Ma'ana, sau ɗaya cikin biyar za a cinye shi alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba. A ɗauka ga gwanin da ke samun wani abu a gasa ɗaya cikin kowace biyar, wanda ya fi na gama-garin 'yan wasa. Yiwuwar ya shiga gasa goma a jere bai samu ko sisi ba ta kai kusan ɗaya cikin tara. Yiwuwar ya yi ashirin a jere kuwa kusan ɗaya cikin 90 ce. Wanda ke shiga ɗaruruwan gasanni a shekara, dole irin wannan fari ya same shi. Don haka, in ji su, mai yanke ƙauna bayan faɗuwa goma yana guje wa abin da tun farko aka san zai faru.

Hujja ta biyu ita ce gwaninta gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Masana biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Thomas Miles, sun bi sakamakon gasannin World Series na 2010. Sun ware 'yan wasan da tun kafin gasar aka san su da ƙwarewa, suka kwatanta su da sauran jama'a. Ƙwararrun sun fita da ribar da ta haura kashi 30 cikin 100 na abin da suka zuba, sauran kuwa sun yi asarar kimanin kashi 15. Da sa'a ce zalla, da ba a ga wannan tazara ba. Ashe a hannu ɗaya sa'a ce ke mulki, amma a dubban hannaye iyawa ce ke rinjaye.

Hujja ta uku ita ce tarbiyyar da ƙwararru suka gina don tsira daga mugun lokaci. Suna ware jarin wasa daban da kuɗin cefane. Da yawansu ba sa shiga gasa sai jarin nan ya kai ninki 100 na kuɗin shiga, wasu ma fiye da haka. Idan jari ya ragu sai su sauka zuwa ƙananan gasanni, ba tare da jin kunya ba. Suna sayar wa wasu kaso daga abin da za su ci, don a raba asarar idan ta zo. Suna rubuta kowane sisi da ya shiga da wanda ya fita. Daniel Negreanu, ɗan Kanada da ke cikin fitattun 'yan wasan duniya, da kansa ya fitar da lissafinsa na 2017: ya ci sama da dala miliyan 2.7, amma kuɗin shiga da ya biya ya zarce haka, ya rufe shekarar da asara. Annie Duke, tsohuwar 'yar wasa da ta koma rubutu, ta gina littafinta na 2018 a kan ra'ayin cewa a auna shawara da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta, kada a auna ta da yadda abin ya ƙare. Kana iya yin daidai ka faɗi, kana iya yin wauta ka dace.

A nan ne matasa ke juyowa kan iyayensu. Za ka ji saurayi ya ce: “Baba, ku ma da kuke ɗauko shanu daga Dapaong ko Sinkase, ai ba ku san nawa za ku sayar a Lome ba. Wata rana ciwo ya shiga garke, wata rana kasuwa ta cika farashi ya karye. Ba ku taɓa barin fatauci don kun faɗi sau uku ba. To mene ne bambancin?” Suna ƙara da cewa fahimtar halin sa'a tana raba mutum da camfi. Wanda ya san cewa faɗuwa goma a jere abu ne da lissafi ya tanada, ba zai zargi kishiyar uwarsa da yi masa sammu ba, ba zai kai kuɗinsa wurin mai duba don a ba shi lamba ba, ba zai tashi da mafarki ya ruga rumfar loto ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Hujjar masu cewa a tashi

Dattawa da malamai sukan fara ne daga addini, kuma a Zango nan ne maganar ta fi nauyi. Alƙur'ani ya yi magana kan caca a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sannan ya hana ta a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, inda aka ambaci ƙiyayya da gabar da take haddasawa tsakanin mutane, da yadda take shagaltar da su daga salla. Malamai ba su yi saɓani kan haramcinta ba. Gwaninta ba ta canza hukuncin, domin dai dukiyar wani ce ke komawa hannun wani ba tare da an yi musayar komai ba. Haƙurin da aka yaba, in ji su, haƙuri ne a kan halal da kan ƙaddarar da ta faɗo wa bawa. Nacewa a kan abin da aka hana ba haƙuri ba ne, taurin kai ne.

Daga nan amsar tambayar saurayin can take fitowa. Dattijo zai ce masa: “Ɗana, ranar da na faɗi a shanu, makiyayi ya karɓi kuɗinsa, direba ya karɓi nasa, mahauci ya yanka, mutane sun ci nama. Ranar da na ci riba ma haka. Kai ranar da ka ci, wa ya amfana in ban da kai? Kuɗin wa ka ɗauko?” Fatauci yana kai abu daga inda yake da yawa zuwa inda ake buƙatarsa, mai saye da mai sayarwa duka su rabu kowa na riƙe da wani abu. Teburin karta ba ya haifar da komai. Ribar kashi 30 da ƙwararrun nan suka samu a binciken Chicago, daga aljihun masu asarar kashi 15 ta fito. Gidan caca kuwa ya riga ya cire nasa kafin a raba kati na farko. Binciken da ake kafa hujja da shi don a daure, shi ne kuma ke shaida cewa yawancin waɗanda suka zauna a teburin abinci ne ga 'yan kaɗan.

Hujja ta uku ta fi sauran kaifi. Koyarwar a daure tana da sharaɗi ɓoyayye: sai in kai gwani ne. To yaya mutum zai san ko gwani ne da sa'a ta juya wa baya, ko kuwa ɗan koyo ne da ake yi wa wankin babban bargo? A watannin farko su biyun kamarsu ɗaya, kowa aljihunsa na zuba. Ƙwararrun da kansu sun yarda cewa a manyan gasanni sai an yi wasa ɗaruruwa, har dubbai, kafin sakamako ya nuna ainihin iyawar mutum. Kafin a kai can jarin talaka ya daɗe da ƙarewa. Ga shi kuma ba a taɓa rasa ɗan cacar da ke ganin kansa gwani ba. Saboda haka maganar nan ta “rashin sa'a ne kawai” tana shiga bakin gwani da bakin wanda bai iya ba daidai wa daida, kuma ba abin da zai ƙaryata ta sai ranar da ba sauran abin zubawa.

Hujja ta huɗu ita ce, abin da ake bugawa a Lome yawanci ba poka ba ne, loto ne da cacar ƙwallo, kuma a loto ba maganar gwaninta ko kaɗan. A wasanni irin su Loto Benz da Loto Kadoo ana fitar da lamba biyar ne daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana fatan su fito duka, damarsa ɗaya ce cikin 400. A maƙwabciya Gana, inda ake irin wannan wasa, ana biyan ninki 240 ga wanda ya dace. A yi lissafin da wannan ma'auni: wanda ya zuba sefa 100 sau 400 ya kashe 40,000, abin da ake sa ran ya dawo masa 24,000 ne. Sefa 16,000 sun tafi, kuma ba rashin sa'a ce ta ɗauke su ba, haka aka tsara wasan. Dacewa da lambobi biyar ɗin duka kuwa dama ɗaya ce cikin 43,949,268. A nan daɗewa ba ta kusantar da mutum ga fansa. Iya daɗewarsa, iya kusantar asararsa ga abin da mai wasan ya ƙiyasta.

Hujja ta biyar ta shafi zuciya. Mutum yakan ji a jikinsa cewa bayan faɗuwa da yawa dole ci ya matso. Ƙwallayen loto ba su da tunani, ba su san abin da ya fito jiya ba. A Agustan 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon wani teburi ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi, suka tafka asara. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin rungumar kasada don ya kuɓuta. Daga nan ake samun dabarar ninkawa: in an cinye ka, ka ninka kuɗi don ka dawo da na baya. Wanda ya fara da sefa 500 yana ninkawa, in aka cinye shi sau goma a jere ya zubar da 511,500. A karo na goma sha ɗaya sai ya nemo 512,000, don kawai ya fita da ribar 500. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata. Kenan a zama ɗaya ya ƙone kusan albashin wata goma. Garin neman gira an rasa ido. Ba banza ba likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a 2013, suka sanya matsalar caca rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, kuma komawa don fanshe asara na cikin alamomin da suke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka.

Ko ƙwararrun ba su tsira ba. Stu Ungar ya lashe babban wasan World Series sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa na ganin ba a yi mai basirar karta kamarsa ba. Cacar wasanni da miyagun ƙwayoyi suka lashe dukiyarsa. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal a Las Vegas, kuɗin da ke tare da shi bai kai dala 1,000 ba. Archie Karas ya shiga garin a 1992 da dala 50, ya tara kimanin miliyan 40, ya kuma rasa su a 1995. Amma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Chris Moneymaker, akawun da ya samu kujera a babban wasan World Series ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci miliyan 2.5 a 2003. A shekarar da ya ci mutum 839 suka shiga. Bayan shekara uku sun kai 8,773. Labarin mutum ɗaya ya jawo dubbai, kuma ba wanda ke ba da labarin dubban.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta Zango ta musamman: kuɗin wa ake zubawa? Masanin zamantakewa ɗan Faransa Michel Agier, wanda ya yi bincike a Zangon Lome ya fitar da littafinsa a 1983, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya ginu a kan maigida da yaransa da baƙin da yake saukewa. Abner Cohen ya ga irin wannan a unguwar Sabo ta Ibadan, inda ake ba mahauta shanu bashi maigida ya tsaya a matsayin lamuni. A irin wannan tsari kuɗin da ke hannun yaro da wuya ya zama nasa shi kaɗai. Jarin maigida ne, ko kuɗin ragunan layya da wani ya aiko a sayar masa, ko adashin uwa, ko balas ɗin mai babur da ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, zai kai da yamma. Ba wani jarin wasa da aka ware. Abin da ake sakawa a tikiti amana ce, kuma a Zango amana ita ce uwar kuɗi. Wanda gobara ta karya, jama'a na iya haɗa masa jari. Wanda aka ji ya ci amana a caca, ko ya tuba, sai an daɗe kafin a sake damƙa masa ko akuya.

A ɗora su a sikeli

Masu cewa a daure sun yi gaskiya a abu biyu. Jerin faɗuwa yana iya samun wanda bai yi laifin komai ba, kuma auna mutum da sakamakon rana ɗaya zalunci ne. Da kasuwanninmu za su ɗauki wannan darasi, da an rage wulaƙanta wanda ya karye, an rage zargin juna da asiri. Ɗan kasuwa na da abin koyo a nan: ya rubuta lissafinsa, kada ya zuba jarinsa duka a mota ɗaya, ya rage hannu in kasuwa ta yi sanyi, kada ya yanke shawara ranar da zuciya ta ɗebe shi. Amma in aka duba da kyau, ba baƙon ilimi ba ne. Maigidan da ke raba jarinsa tsakanin yara da yawa, da fataken da ke haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya, da matan da ke zubin adashi, tun kafin a kafa gasar Las Vegas suke raba kasada a tsakaninsu.

Inda suka kuskure shi ne ɗaukar darasin daga inda yake aiki zuwa inda ba ya aiki. Haƙuri yana biya ne idan abin da kake haƙuri a kansa yana da riba a asalinsa. Fatauci yana da ita, domin mutane za su ci nama gobe. Loto ba shi da ita, da gangan aka cire ta. Poka tana da ita ga 'yan tsiraru kawai, kuma a kan bayan sauran. Lissafin da ƙwararru ke alfahari da shi gaskiya ne, amma duk wanda ya bi shi har ƙarshe zai tarar yana gaya wa kusan kowa ya tashi. Saurayin da ke kafa hujja da Negreanu, a tambaye shi: ina jarinka mai ninki 100? Ina littafin lissafinka? Ina shaidar cewa kana cikin masu ci? In babu, ya ɗauki rabin koyarwar ne, rabin da ke ba shi izinin ci gaba, ya bar rabin da ke hana shi.

Su ma masu cewa a tashi suna da nasu gyaran. Hukuncinsu daidai ne, amma sau da yawa hanyarsu tana tura yaro cikin ramin da suke son fitar da shi. Idan abin da ke jiran wanda ya faɗi caca shi ne tonon silili da kora daga gida, ba zai faɗa wa kowa ba. Zai ɓoye, kuma hanya ɗaya da zai gani ta rufe ramin kafin a gane ita ce wani tikitin. Kunya ce ke mai da asarar 20,000 ta zama 500,000. A Kano, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. A Togo gwamnati ce da kanta ke da loto, Musulmi kuma ba su ne masu rinjaye ba, ga shi ba a sa wa waya kwaɗo. Abin da ya rage wa Zango shi ne gida da masallaci da majalisa. Sannan dole a faɗi gaskiya: saurayin da ba shi da maigidan da zai ba shi jari, ba shi da sana'a a hannu, tikitin sefa 100 ne kaɗai ƙofar da yake gani a buɗe. Wa'azi ba tare da an buɗe masa wata ƙofar ba aiki ne rabi da rabi.

Matsayata

Ina tare da masu cewa a tashi, kuma ina tare da su ne har da hujjar ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya samu kansa cikin jerin asara, a kasuwa ko a wani wuri, ya tambayi kansa abu uku. Abin nan da nake yi, yana amfanar wani in ban da ni, kuma halal ne? Lissafinsa a rubuce yana nuna riba in an daɗe, ko kuwa fata nake yi? Kuɗin da nake zubawa nawa ne, kuma in sun tafi gidana zai ci abinci? Falken da ya amsa ukun nan da e, ya daure, ya rage hannu, ya jira kasuwa ta juyo. Ɗan caca ba zai iya tsallake ta farko ba, kuma da wuya ya tsallake sauran biyun.

Wanda ya riga ya nutse, maganinsa ba ci ɗaya ba ne. Ya zauna ya rubuta jimillar abin da ya rasa da abin da ake bin sa, ba tare da ragi ba. Ya ɗauka cewa kuɗin nan sun tafi, domin neman su ne ke jawo na gaba. Ya goge manhajar daga wayarsa, ya damƙa asusun wayar a hannun wanda ya yarda da shi na wani lokaci. Ya samu mutum ɗaya, kawu ko liman ko maigida, ya faɗa masa gaskiya tun ramin bai yi zurfi ba. Wanda aka faɗa wa kuma ya rufa asiri, ya shiga tsakani a tsara biyan bashin kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yi wa duk wanda ciniki ya karya. Masu hali a Zango su dawo da al'adar ɗaukar yara a koya musu ciniki a ba su jari, limamai su riƙa kawo lissafin loto cikin huɗuba tare da aya, malaman makaranta su koya wa yara ma'anar ɗaya cikin 400 tun kafin su riƙe waya. Saurayin da ya san lissafin, yake da sana'a a hannu, kuma ya tabbata cewa in ya faɗi gaskiya za a tallafe shi, ba shi da dalilin sayen tikiti na gaba.